Sabulun Gwaggo Sevgül

Ƙarfe sha ɗaya na dare ta kira ni daga Ayvalık,
muryarta kamar ta wadda ta taka ƙaya:
"Doruk, wata mata a Bremen ta ce
ta buɗe shafinmu za ta sayi sabulu
sai ta tsinci kanta a gidan caca."

Na buɗe. Jan allo ya tare ni a bakin ƙofa:
hattara, wannan wuri na iya cutar da kai.
Shekara talatin tana dafa man zaitun a tukunya ɗaya,
ko ƙuda ba ta taɓa cuta ba.

Na rufe shafin, na rataya masa "ana gyara",
na ɗora shayi, na shiga ta baya.
Fayil bayan fayil, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Ga su nan kwance,
layukan da ba hannuna ya rubuta ba,
sun sa rigar 'yan gida, sun ari sunayensu.
Na kashe ɗaya, na juya,
biyu sun tsiro a gurbinsa.

Wajen ƙarfe uku na gano tsagar bangon.
Wata 'yar manhaja ce mai jera hotuna,
ni na dasa ta shekara huɗu da suka wuce,
tana ta roƙon a sabunta ta
ina ta ce mata gobe.
Ƙadangare bai yi laifi shi kaɗai ba.
Kalmar sirrin kuwa, sunan kyanwar gwaggo ce
da shekarar da aka haife ni.

Ajiyar da na samu mai tsabta ta watan Maris ce.
A cikinta sabulu bai yi tsada ba tukuna,
kuma Kawu Necdet na nan a hoto, yana yanka shi da zare.
Na daɗe ina kallonsa
kafin na mayar da komai mazauninsa.

Na sauya makullai duka.
Na rubuta wa masu jan allo takardar ban haƙuri:
mun share, mun wanke, ku zo ku duba.

Da asuba jirgin ruwan Midilli ya yi kuka.
Na same ta a shago, tabarau a karan hanci,
da tsohon littafin oda a cinya,
tana bin masu sayenta ɗaya bayan ɗaya:
"Ku kira bankinku, ku sauya kati. Daga wajenmu ne."
Na ce, gwaggo, daga wajena ne.
Ta ce, "Sunan wa ke jikin kwalin?"

Kwana uku allon na ja.
Ran na huɗu ya washe.
Oda ta farko, sabulu shida mai ƙanshin lawur,
zuwa Bremen.
Gwaggo ta naɗe bakwai.