Ƙafa Ɗaya Kafin Ruwa Ya Tafasa

Girgizar ƙasa nawa na gani a Valparaíso?
Na daina ƙirgawa tun ina amarya.
Kwanuka su zube, fitila ta yi lilo,
karnukan tudu su haɗa baki da haushi,
ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa
da Ismenia a kafaɗa.
Ƙasa ta yi iya yinta, ba ta kayar da ni ba.

Sai ga 'yar darduma.
Ja ce, mai geza,
Baldomero ya sayo ta wurin ma'aikatan jirgin ruwa
shekarar da aka ƙara masa albashi.
Ita ta harɗe mini silifa wata Talata,
na yi rabin dare kwance a kan katako
ina kallon ƙarƙashin kabad,
inda na hango cokalin da ya ɓace tun bara.

Yanzu Nahuel kan zo Litinin da Alhamis.
Matakala ɗari da goma sha huɗu yake hawowa,
jaka a kafaɗa, yana haki,
yaron da na girmi uwarsa nesa ba kusa ba.
Ya ce, "Doña Eduvigis, tashi daga kujera."
Na ce, "Tun ba a haifi uwarka ba nake tashi daga kujera."
Ya ce, "Ban da hannu."
Na naɗe hannuwa a ƙirji,
na yunƙura,
kujera ta riƙe ni kamar mai bina bashi.

Sau biyar. Hutu. Sau biyar kuma.
Sai mu koma bakin wurin wanke-wanke,
in dafa da yatsu biyu,
in ɗage dugadugai, in sauke a hankali,
in bi layin tayil, dunduniya na taɓa yatsa,
kamar mai tafiya a kan igiyar shanya.
Ya ɗaura mini 'yar jakar yashi a idon sawu.
Ni da na yi dakon kwandon kifi daga bakin teku zuwa nan
shekara talatin da ɗaya,
yau rabin kilo ke sa cinyata rawa.

Ya sa ƙwan fitila mai haske a lungun ɗaki,
ya kafa ƙarfen dafawa a banɗaki,
duk ban ce uffan ba.
Amma da ya durƙusa zai naɗe ja mai geza
sai na nuna masa ƙofa.
Ya fita.
Da shayina ya huce na leƙa ta taga,
yana nan zaune a matakalar farko
yana sosa wa magen maƙwabta wuya.
Na kira shi. Na miƙa masa guduma da ƙusa huɗu.
Tana bango yanzu, saman rediyo,
ashe akwai 'yan tsuntsaye a saƙar gefenta,
shekara arba'in ina taka su ban sani ba.

Ya ce tsoro ma yana kayar da mutum,
mai gudun faɗuwa yakan daina tafiya,
ƙafar da ta zauna kuma sai ta manta aikinta.
Na ce wannan kowace tsohuwa ta sani,
faɗa ne kawai ba ma yi.

Jiya da asuba, ina jiran ruwa ya tafasa,
na ɗaga ƙafar hagu kamar zalɓe
ina ƙirgawa. Bakwai. Takwas.
Sai kofuna suka fara karo da juna,
'yar girgiza ce, irin wadda ba a tashin yara dominta.
Na sauke ƙafa. Na dafa. Na bari ta wuce.
Sannan na sake daga ɗaya.

Ran Alhamis zan ce masa goma sha biyu na yi.
Tara ne.
Zai gane, zai rubuta tara a littafinsa,
ya ce mu gwada ta dama.