Kuɗin Buhu Tara

Ran da muka ɗinke buhun ƙarshe a Aliero
na fidda zakka, na fidda kuɗin taki,
na biya mai fetur bashinsa na rani,
na ba Hajo nata, na ba yara nasu.
Kuɗin buhu tara suka saura a hannu,
na ce wanga nawa ne, ba na rabawa.

Shekara sha ɗaya ina ban-ruwan albasa,
ina auna cikar fangali da inuwar giginya,
wayata sau biyu tana faɗawa rijiya.
Wata rana wani injiniya ya zo fadama,
ya danna gefen agogonsa, allura ta zabura,
ya sake dannawa, ta tsaya cak
kamar an kira sunanta.
Tun ranar abin ya shige ni ya ƙi fitowa.

Birnin Kabi, shagon Alhaji Mainasara,
sanyi a ciki kamar bakin randa.
Ya dubi kaushin hannuna, ya dubi aljihuna,
ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera guda uku
kamar mai tallan ƙwai yana lallaɓawa.

Na fari ɗan Suwis ne, nauyi gare shi,
bayansa gilashi, kana ganin hanjinsa
yana juyi ba batir, sai motsin mai ɗaurawa.
Na tambayi kuɗi. Ya faɗa a hankali.
Na lissafa gonata, na haɗa da injin,
na ɗora bajimin da nake kiwo tun bara,
har yanzu da saura.
Na ajiye shi da hannu biyu, ina gode wa Allah
da ya sa gani ba ya cin kuɗin kowa.

Na biyu ruwan zinari, yana kashe ido,
kuɗinsa buhu huɗu, har da canji na tsire.
Zuciya ta ce ɗauka, Arzika, ka huta.
Na danna maɓalli. Shiru.
Ƙananan idanun nan uku na fuskarsa
ashe zane ne, ba sa ƙiftawa.
Ni da na tsufa cikin albasa
na san ɓawo mai sheƙi da ciki ya ruɓe,
ba a yi mini wannan rufa-idon, Alhaji.
Ya yi dariya, ya ce shi ma yana gwadawa.

Na uku farin ƙarfe, na hannu ne,
da ɗan tabo kusa da lamba huɗu.
Wani ma'aikacin asibiti ya kawo shi,
ya yi shekaru yana ƙirga bugun jijiya da shi.
Na danna sama, ya tashi.
Na danna ƙasa, ya koma gida.
Na kara a kunne, yana magana ƙasa-ƙasa.
Kuɗinsa buhu tara da rabi.
Na taya, ya ce albarka. Na miƙe, ya ce zauna.
Na ce riƙe akwatin da takardunsa,
ba akwati zan ɗaura ba.
Muka yi shiru, fanka tana kaɗawa.
Ya ce kawo, Allah ya sa ka mora.
Kuɗin motar komawa ma sai da na ranta
wurin wani ɗan garinmu mai sai da tabarma.

Washegari a fadama na tada inji,
na danna, ruwa ya bi lambatu.
Minti huɗu da daƙiƙa sha ɗaya fangali ya cika.
Na ɗaga kai na dubi giginya,
inuwarta tana daidai inda na saba kashewa.

Da dare Hajo ta kama hannuna ta juya,
ta ce nawa? Na faɗa mata gaskiya.
Na danna a ɓoye.
Daƙiƙa arba'in da bakwai ba ta ce komai ba,
sannan ta ce gobe in bar mata shi,
tana son ta san tuwonta minti nawa yake nuna.