Zubi Na Huɗu

Daren Laraba, ƙarfe biyu saura,
janaretan maƙwabci na tari a Agege,
na danna maɓalli.
Manhajarmu mai sa wa haruffa ƙugiya,
mai raba ɓata da bata,
mai hana ƙafa zama kafa,
ta fito, zubi na huɗu.
Layi shida na rubuta na sanarwa.
Na bakwai na goge shi,
don ya yi kama da roƙo.

Wata goma sha ɗaya mu uku ne rak.
Ni, da Zinatu ta Idi-Araba
mai gyara bayan ta sauko daga aikin dare a asibiti,
da Folarin, wanda Hausarsa
ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba,
amma ya san inda rufin ke yoyo.
Ƙofar a buɗe take tun farko,
ba kwaɗo, ba maigadi.
Ko akuya ba ta leƙo ba.

Kafin shayin safe ya huce
mutum tara sun yi sallama.
Kafin danfo ta fid da ni daga cunkoson Oshodi
sun haura arba'in.
Wani daga Damagaram ya ce
a wajensu harafin 'ya'ya ƙugiya yake ɗauka,
mu daina yi masa ɗigo a ka.
Wata ta gyara waƙafi ɗaya tak
ta ce a sa sunanta cikin magina.
Na sa.
Wani ya shigo da zagi, wai wayarsa ta daskare,
mu mayar masa da kuɗinsa.
Kuɗin da bai biya ba.

Zinatu ta ce gayya ta yi gayya.
Folarin ya ce in ƙirga su bayan mako uku.

Kwana huɗu ban yi barcin kirki ba,
ina amsa, ina godiya, ina ba da haƙuri,
burodi a hagu, waya a dama.
Har na fara jin kaina wani abu ne.

Ka san ruwan Ikko.
Yau ya shanye titi har gwiwa,
jibi sai laka da ledoji a bakin kwata.
Haka suka janye.
Arba'in suka koma goma,
goma suka koma shiru.
Suka bar mini ƙorafi sittin da uku
da gyare-gyaren da aka fara aka watsar
kamar gini a bakin lintel.
Mai waƙafi ba ta sake waiwayowa ba.
Ban ji haushinta ba,
waƙafin yana nan daidai inda ta ajiye shi.

Rana ta goma sha tara,
miya ta ƙare, an san maci tuwo:
wani Tasi'u,
mai gyaran waya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja.
Bai zo ranar taro ba,
ya ce datarsa ta ƙare a lokacin.
Ya tambaya, cikin jin nauyi,
ko an yarda ya taɓa tsohuwar matsalar nan
mai haɗiye ɗ idan ta zo ƙarshen layi.
Shekara biyu ina kewaye ta
kamar ramin da ke ƙofar gidanmu.

Dare uku ya yi a kanta.
Ya turo da asuba,
da ban haƙuri cewa bai yi makaranta mai nisa ba.

Yanzu mu huɗu ne.
Folarin na tambaya yaushe zubi na biyar.
Na ce sai Zinatu ta samu hutu,
sai na biya kuɗin wuta,
sai Tasi'u ya koyi daina ba da haƙuri.
Sannan in sake rubuta layi shida,
in share tsakar gida,
in jira ruwa.