Tukunyar Panteka

Barira ta dawo daga jami'a da magariba,
ta same ni a Panteka ina narka bakin injin wata tsohuwar mota.
Ta tsaya nesa da tartsatsi, ta ce:
Baba, sana'arka ta girmi duniya.

Na ce, zauna kan bokiti, faɗa mini.

Ta ce taurarin farko ba su gaji komai ba,
ko ƙwayar ƙarfe, ko ƙurar gawayi.
Iska ce zalla, mara nauyi, ta taru ta kama wuta.
Ƙatti ne, masu cin tuwon gobe tun yau,
ba su daɗe ba.
A cikin cikinsu suka dafa abin da babu shi a da,
da itace ya ƙare sai suka fashe.

Na ɗaga zuga-zugi na ajiye.
Kowa ya ƙona rumbunsa, na ce,
ya san inda toka ke kuɗi.

Ta yi dariya. Tokar ce ai, Baba.
Ta bazu cikin duhu, ta shiga gajimaren iska,
aka haifi na baya, ƙanana, masu cin kaɗan,
har yau wasunsu na ci, can gefen gari, ba sa hayaniya.
Ƙarfen jikinsu bai kai gishirin miyar marowaci ba.
Wani ma gawayi ya samu, ƙarfen ya koma rami tare da uban.
Ba wanda ya ga iyayen da ido.
Hasken 'ya'yan ake tsagawa kamar kara,
a karanta wa ya mutu, nawa ya bari.

Na tuna Malam Ilu da ya koya mini zubi.
Ba hotonsa, ko ɗaya.
Amma duk tukunyar da na fitar daga yashi
kunnenta na hagu ya ɗan karkace,
irin nasa.

Aka ɗauke wuta har Tudun Wada.
Sama ta matso kusa da rufin kwano.
Na ce, nuna mini guda.
Ta ce sai da babban madubi, kuma ba daga nan ba.

To, shi ke nan.
Na kwashe dattin da ya taso saman narkakken ƙarfe,
na zuba sauran a kasko.
Gobe wata za ta saya a Kasuwar Barci,
ta dafa wake,
ba ta san motar wa take ci a ciki ba.