Inda Ɗigo Ya Tsaya

Kwana tara motar na tsugune a bayan garke.
Ciyawar hunturu na can kwarin Arpa, ba mai ɗauko ta,
ga duwatsun At-Bashi sun fara sa farar hula.
Na sayar da raguna huɗu a kasuwar Narin,
na dawo da famfon mai naɗe cikin tsohon bargo,
ina riƙe da shi a cinya kamar jinjiri.

Cire tsohon bai ba ni wuya ba.
Bututu takwas, kowanne na ɗaura masa zare mai launinsa,
na toshe bakunansu da tsumma.
Noti ɗaya ne ya yi gardama,
ya ci fatar yatsana, ya tsere ƙasan inji,
sai da ƙanwata Aiperi ta zura siririn hannunta.

Da na ɗago shi na ga zanen:
tsaga ɗaya ta kurfi a gefen ƙarfen,
tana kallon 'yar'uwarta a jikin inji.
Hannun babana ne, Toktosun.
Shekara shida ke nan da muka kai shi kan tudu,
bai taɓa ce mini ga ma'anarta ba.
Sabon famfo kuwa fuskarsa sumul,
bai san kowa a gidan nan ba.

Na ɗaura shi da ido, na ce ai kusa ma ta isa.
Na fitar da iska, na murza makulli.
Ta yi tari, ta ƙara tari,
ta amayo farin hayaƙi har kare ya bar gindin taya,
ɗanyen gas na yi mana yaji a ido.

Tsohuwa Burul ta leƙo ta katanga.
Shekara talatin ta yi bisa tarakta zamanin gonar gwamnati.
“Man naka makara yake yi,” in ji ta,
“baƙo ne da ya iso an wanke kwanuka.”
An ce kunne ya girmi kaka;
to, yau ga kaka, ga kunne.

Ta sa na juya injin da dogon ƙarfe
har bawul biyu na fistin farko suka kame baki.
Aiperi na kwance a ƙasa da tocila a haƙori
tana farautar alama a jikin filawil.
“Ga ta!”
“Kun wuce. Koma baya, ka sake zuwa a hankali.”
Muka lanƙwasa guntun bututu kamar wuyan zalɓe,
muka ɗaura shi a bakin farko na famfon.
Mai ya fara tsiyaya.
Na riƙa karkata famfon da tafin hannu,
kaurin gashi,
wani kaurin gashi.
Tsiyaya ta koma ɗigo.

Ɗigo.

Shiru, sannan ɗigo.

Sai ɗaya ya taru a bakin bututu,
ya yi ciki, rana ta shiga cikinsa,
ya ƙi faɗuwa.
“Nan,” in ji Burul. “Riƙe numfashinka. Ɗaure.”

Na mayar da bututu takwas, zare na bin zarensa,
na sassauta notuna har kumfa ta ƙare, na matse.
Batir ya gaji, sau biyu kawai ya rage masa.
Ɗaya ya isa.
Ta kama da wata murya mai kauri, ba ƙwanƙwasa, ba tari,
kofin shayin da ke kan bonet yana rawa ba ya zuba,
hayaƙin ya sirance har na daina ganinsa.

Burul ba ta ce madalla ba.
Ta ce lodin farko ƙofarta za a sauke.

Da yamma na ɗauko kurfin baba daga akwatinsa.
Na dafa shi a gefen sabon ƙarfe,
na buga sau ɗaya.
Tsagata ba ta hau kan tasa ba.
Tsakaninsu akwai faɗin ƙwayar sha'ir.
Na daɗe ina kallon ratar,
sannan na goge hannu,
na je neman igiyoyin ɗaure ciyawa.