Abin da Motar Babikir Za Ta Ɗauka

Daren Laraba, an ɗauke wuta.
Na ari littafin lissafin Tanimu, na juya bayansa,
na ja layi ɗaya a tsakiya:
dama, abin da zai bi mu Gadarif,
hagu, abin da Mai Wurno za ta riƙe.

Babikir ya ce sawu ɗaya zai yi, ba biyu ba.
Ya ce in ruwan fari ya riga mu
lakar can baƙa ce, tana haɗiye taya har wuya.
Saura kwana goma sha ɗaya.

Gadajen igiya huɗu, dama.
Na biyar ya karye tun sunan Ladidi,
shekara shida ina cewa gobe zan gyara.
Hagu.
Keken ɗinkin Sahura ba a ma tambaya.
Randar gindin lemo kuwa,
na ce za ta fashe kafin mu kai Dindir,
ta ce to, ta fashe a hannunmu.
Na rubuta ta a kan layin,
rabi nan, rabi can.

Awaki uku suna son takardar likitan dabbobi,
in babu, a shingen kan iyakar jiha za a sauke su.
Yara ma takarda, daga wannan makaranta zuwa waccan.
Sau biyu ina zuwa Sinja,
sau biyu mai hatimi ya fita karin kumallo.
Akuya da shaida, yaro da shaida,
ni ne kawai ba wanda ya nemi shaidar zan iya.

Bashin sukari da mai a kantin Ɗan'azumi,
zan biya ran Asabar in an sayi tsohon injin.
Wanda nake bin Jatau, hagu.
Ba kirki ba ne,
na dai san halin mutumina.

Mu'azu ya bugo waya jiya:
ɗaki biyu da rumfa, bayan kasuwar riɗi,
aikin gyaran tarakta yana jira.
Na ce ruwa fa?
Ya yi shiru, sannan ya ce jaki ke kawowa, ana saya.
Shekara ashirin ina kwance injin ban ruwa a bakin Nilu,
tafin hannuna ya san ƙarar kowanne,
ga ni zan tsaya a ƙofa da jarka
ina jiran jaki.

Kabarin Inna ban rubuta shi ba.
Na dai je wurin Malam Barau da la'asar,
na ce in damina ta zaftare ƙasar
ya sa yara su ƙara,
su mayar da dutsen wajen kai.
Ya ce ai ba sai ka faɗa ba.
Na san ba sai na faɗa ba.

Kakana daga Haɗeja ya taso a ƙafa da niyyar Makka.
Ya sauke kaya a nan, ya ce sai an yanke dawa.
An yanke ta sau saba'in da wani abu.
Na gaya wa Sahura wannan, tana naɗe labule,
zare a bakinta.
Ta ce ai gabas muka nufa,
muna rage masa hanya ne.

Fitilar ta fara ja.
Shafin dama ya cika har ya hau gefe,
na hagu layi biyar ne kacal
amma shi nake ta karantawa.

Tanimu ya farka, ya ce Baba, littafina,
gobe muna da jarrabawa.
Ya duba, ya bi layin da yatsa har ƙasa,
ya ce kyanwa fa?

Tana kwance a kan gadon da ya karye.
Na miƙa masa biron.