Jini a Kan Ƙanƙara

Azahar ta gota a Gwammaja, wuta ba ta dawo ba.
Ƙanƙarata na kuka cikin buhu,
kowane ɗigo naira ce mai sulalewa kwata.
Sai ga Haladu da waya a hannu:
"Zo ka ga ƙasar da ake taka jarinka da takalmi."

Na leƙa. Fili guda, fari fat, daskararre,
wanda da a nan yake, da na fasa shi kafin la'asar,
na biya haya, na yi wa Ladiyo ɗinkin salla.
Ƙarti ne da wuƙaƙe a tafin ƙafa,
kowa da sanda mai lanƙwasasshen baki,
suna korar wani ɗan baƙin abu
da bai wuce waina ba.

Can sai biyu suka yar da sanduna,
suka tuɓe safar hannu kamar masu shirin cin tuwo,
suka cakumi wuyan rigar juna.
Alƙalin wasa ya ja da baya, ya zuba ido.
Jini ya ɗiga,
zoɓo a kan farar shadda.

"Minti biyar zai yi a keji," in ji Haladu,
"ya huce, ya dawo.
Wai wannan ma cikin wasan ne."

Baba Sallau na kan bencinsa.
Shekara goma sha tara ya yi yana ɗaure hannu da zare,
har yau in ya ji kalangu kafaɗarsa kan amsa.
Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da ido.
"Mu dai da muka shiga fage, duka muka je nema.
Mai kiɗa ya kira sunan ubanka, ka fito,
wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi, a ɗaga shi, a watse.
Waɗannan fa?
Waina suka zo kora.
Wa ya aike su haƙoran juna?"

"Baba, ba ka gane ba.
Akwai ɗan ƙarami a cikinsu, mai gudu kamar walƙiya.
Ba don wancan ƙaton ba,
da kullum sanda ce a haƙarƙarinsa.
Sanin akwai mai rama masa, shi ke sa mugu ladabi."

"To alƙalin, adon fili ne?"

Haladu ya sosa ƙeya.
"Ai 'yan kallo ma na so. Dubi yadda suka miƙe."

"Ni ma sun miƙe mini."
Baba Sallau ya ɗauki shayinsa,
hannun na rawa, rabi ya zube a kan gwiwa.
"Tun daga Fagge ake rako ni da guɗa.
Jiya na tsaya a ƙofar gidana
ina laluben sunan jikata.
Wannan ƙaton, in ya kai shekaruna,
wa zai riƙe masa kofi?"

Babu wanda ya tanka.
A wayar an share jinin da shebur,
wasa ya ci gaba.
Ni kuwa, in faɗi gaskiya,
sanda suka yar da sandunan nan
sai da na matso kusa.
Wannan ne ban gaya wa Baba ba.

Dab da magariba ɗan Tasallah ya zo
daga ƙwallon bayan makaranta,
idonsa na hagu ya yi suntum.
"An taɗe ƙanena, shi ne na rama.
A ba ni ta hamsin."

Na ɗauki guduma na ɓantaro masa
daga ɗan abin da rana ta rage mini.
Ya manna a ido, ruwa na bin kuncinsa.
Baba Sallau ya daɗe yana kallonsa,
sannan ya ce, "Su can aƙalla
wanda ya faɗi, a kan maganinsa ya faɗi."

Ban karɓi hamsin ɗin ba.